Shayin da Ya Kwana da Kafur

Zuwa ga sarauniyar saman bene, fitilar matakalarmu, inuwar da nake gudowa in rana ta take, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya; ke da in kika buɗe tagar shagonki da safe duk layin nan yake daina tari, har mai gyaran takalmi ya ajiye guduma ya ɗaga hanci sama kamar rago ya hango dusa; Malamata, mai haɗa turare, abar ƙaunata.

Bayan gaisuwa irin ta mai laifi, wanda yake fara durƙuso tun daga bakin ƙofa: yau kwana tara ke nan rabon da ki sauko ta matakalar nan ta cikin shagona. Kin sa wa ƙofar sama sakata, kin koma bin ta baya, wadda ke fita ta wajen kwandon shara, ke da ko motar shara ce ta wuce sai kin toshe hanci da gefen mayafi. Wallahi wannan kaɗai ya ishe ni sanin girman fushinki. Ina zaune a ƙasa ina jin takunki a saman kaina, daga tebur zuwa taga, daga taga zuwa kantar kwalabe, kowane taku a ƙirjina kike sauke shi. Na so in tare ki a hanya in yi magana, sai na tuna bakin nan nawa ne ya jefa ni rami, shi ya sa na ce bari in ba alƙalami dama, ko shi zai fi shi tsoron Allah. To ga gaskiyar, ba riga ba wando: ba na jin ƙamshi. Ba na jin wari. Wata bakwai ke nan hancina ado ne kawai a fuska, wurin ɗora tabarau.

Kin tuna ranar da kika fara saukowa? Ni kam ko daga barci aka tashe ni zan karanto ta. Sati biyu da kama shagon sama, ruwa ya tsare ki, kika zauna a kujerar nan mai gajeriyar ƙafa ɗaya, kika ce a ba ki shayin da na fi alfahari da shi. Na haɗo miki wanda mahaifina ya bar mini tare da shagon: citta, kanumfari, kirfa, na'ana'a, ɓawon lemu, duk abin da Allah Ya hore, kowanne cokali cike. Kika kurɓa sau ɗaya kika ajiye, kika ce shayina kamar taron dangi ne, kowa na magana ba mai sauraron wani. Shekara ashirin ina sayar da shayi ba wanda ya taɓa kushe shi a gabana. Ya kamata in ji haushi. Ni kuwa, sakarai, sai na ji kamar an yi mini bushara. Kika ce idan ina so, in riƙa hawowa duk ranar Alhamis bayan la'asar, ki koya mini yadda masu turare ke jera ƙamshi. Wai idan ina so! Ai ko ƙirga yashi kika ce za ki koya mini, da na sayi littafi da biro.

Ranar Litinin mura ta kama ni, irin mai kwantar da ƙato. Ranar Laraba ta sake ni, amma ta tafi da abin da ba nata ba. Na buɗe gwangwanin kanumfari da safe na ji shiru. Na tura hancina ciki har ya taɓo ƙasa, shiru. Na yanka albasa, ido ya yi aikinsa, hanci ko gezau. Na ce zuwa gobe zai dawo. Gobe ta yi, ita ce Alhamis ɗin, na tsaya a gindin matakala da sabuwar riga ina shawara da kaina. Wata zuciyar ta ce in faɗa miki. Ɗayar ta ce, kai wawa, macen da duk rayuwarta a hanci take, me za ta yi da kai? Ka taɓa ganin zabiya ta zauna tana yi wa kurma waƙa? Na bi ta biyun, na hau. Na ce ai ƙaryar sati ɗaya ce. Ita kuwa ƙarya in ka ba ta ɗaki ɗaya, gobe sai ta nemi falo da kicin.

Allah Sarki, ranakun Alhamis! Ki jera kwalabenki a tebur, ki tsoma 'yar siririyar takarda a ɗaya, ki kaɗa ta a iska sau biyu, ki miƙo mini. Ke kika koya mini cewa ƙamshi baƙi uku ne a gida ɗaya. Akwai mai sallama, wanda yake fara dukan hanci ya wuce da wuri, kamar ɓawon lemu. Akwai mai zama a yi hira, kamar wardi. Akwai kuma mai kwana, wanda ko an wanke kofi yana nan bai tafi ba. Kika ce in ba kowa lokacinsa, kada in turo su ƙofa a tare. Kika ja mini kunne kada in kuskura in ɗiga turare a abin sha, dabarar zan ɗauka, ba kwalbar ba. Duk wannan na ji, na rubuta, yana nan a littafina. Takardar ce dai in na kai ta hanci, takarda ce. Sa'ata ɗaya, ba kya miƙo ta sai kin fara shinshinawa, kuma an ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na zama malamin fuskarki. In girarki ta hagu ta ɗaga, abu ne mai kaifi, sai in ce kai, wannan da tsini yake. In kika lumshe ido, fure ne. In kika yi shiru kina kallon taga, mai kwana ne, sai ni ma in yi shiru ina girgiza kai kamar na tuna wani mamaci. Har 'ya'yan gahawa kike miƙo mini a tsakani wai in hutar da hancina, hancin da tun farkon damina yake hutu.

A gida kuma Yaya ce hancina. Kin san ta, yayata da ta riƙe ni tun rasuwar mahaifiyarmu, wadda har yau in na yi tari sai ta taɓa goshina. Ita kaɗai ta san sirrin. Takardun da kike ba ni in tafi da su in yi nazari, ita nake kai wa, ta shinshina tana yatsina fuska ta yanke hukunci. Sai dai Yaya ƙamshi uku ta sani a duniya: na sabulu, na magani, da wanda take kira na gidan biki. In abu ya fita daga ukun nan sai ta laƙa masa duk sunan da ya zo bakinta, ni kuma in ɗauka in sa masa riga da hula. Ranar da na ce miki turaren nan mai ruwan ƙasa yana tuna mini da ɗakin littattafai da rana ta shigo ta taga, har kika dafe ƙirji kika ce ba wanda ya taɓa fahimtarsa haka, abin da Yaya ta ce shi ne tsohuwar jaka. Ki yafe mini. Ita Yaya ba ruwanta, tun sati na biyu take cewa in faɗa miki, wai ramin ƙarya ƙurarre ne, ina ce mata ta bari sai wani satin.

Abin haushin, shayin ya yi kyau! Da awo na yi shi, da agogo, da abin da kika faɗa: ɓawon lemu kaɗan ya yi sallama, wardi ya zauna, kirfa ta kwana. Harshena yana gane zaƙi da ɗaci da bauri, sauran na bar wa fuskokin masu saye. Mutane suka fara layi. Mai gyaran takalmi, wanda shekara goma yana shan shayina bai taɓa cewa uffan ba, ya ce wannan sabon yana sa shi son komawa gida da wuri ya ga matarsa. Ke kuma ki sauko ki kurɓa, ki ce ɗalibinki ya kusa fin ki hanci. Sai in sunkuyar da kai, ki ɗauka kunya ce irin ta mai tawali'u. Kunya ce kam, amma ba irin wadda kike zato ba.

Sai maganarmu ta yi nisa, ta wuce ta kwalabe, har kika ce lokaci ya yi da Kaka za ta gan ni. Kaka da ta raine ki, ta ɗora ki a cinya ta koya miki bambance fure da fure tun ba ki iya ɗaura ɗankwali ba. Kaka da kika ce in ta ce a'a, to a'a ce. Na rantse sai na yi mata shayin da ba ta taɓa sha ba. Kika koya mini tsohuwar dabarar kama ƙamshin fure ba tare da an matse shi ba: a shimfiɗa ganyen shayi a tire, a lulluɓe shi da ɗanyen furen yasmin da yamma, da safe a tsince furen a zubar, a kawo sabo, haka har sau shida. Kika ce ganyen shayi magulmaci ne, duk abin da ya ji a kusa da shi sai ya kwashe ya kai gaba, don haka in nema masa wuri mai tsabta in rufe. Sau uku kika maimaita. Sau uku na ce na ji.

Na zagaya shagon nan kaf, ban ga wurin da ya kai kabad ɗin bayan kanta tsabta ba. Ko ƙura babu, ko kyankyaso ɗaya. Ban tsaya na tambayi kaina abin da ya kori kyankyasan ba. Ashe Yaya ce, kafin ta tafi wajen 'yarta da ta haihu, ta zo ta yi mini shara, ta zuba ƙwayoyin kafur cikin tsohuwar safa ta tura can ƙuryar sama inda ido ba ya kai. Alheri ta yi mini, baiwar Allah. Kwana shida ina sammako ina tsince fure ɗaya bayan ɗaya da yatsa, ina lallaɓa ganyen nan kamar jariri, ina rufe kabad ruf kada iska ta shiga ta ɓata mini aiki. Iskar da ita kaɗai ce za ta cece ni! Kin nemi ki duba, na hana, wai ina so ya zo miki ba zato. Ai kuwa ya zo.

Ranar Asabar kuka sauko, kina riƙe da hannun Kaka. Na shimfiɗa sabon mayafin tebur, na fito da kofunan da ba na ba kowa. Na zuba ruwan zafi a buta, na ɗaga murfi, na sa fuskata cikin tururin, na lumshe ido yadda na ga kina yi. Sannan na buɗe baki. Wayyo bakina! Na ce Kaka ta ji yadda yasmin ke sallama a hankali, kamar baƙuwa mai kunya. Na ce a bayansa akwai lambu bayan an ɗauke ruwa. Na kai minti biyar ina zuba, ido a rufe, shi ya sa ban ga fuskarki ba, fuskar da ita ce allona. Da na buɗe ido sai na ga girarki duka biyu a sama, abin da ban taɓa gani ba, ban kuma san fassararsa ba. Mai gyaran takalmi da ya leƙo don a sam masa ya ja da baya yana murza ido. Kaka kuwa, mutuniyar kirki, ta ɗauki kofi ta kurɓa, ta haɗiye, ta ajiye a hankali. Ta ce, “Allah Ya jiƙan maigidana Malam. Rabon da in ji wannan tun ranar da muka buɗe akwatin rigunansa.” Ni kuma, don ƙarin asara, na ce mata na gode.

Ba ki yi mini tsawa ba, da ma kin yi. Kika janye kofin daga gaban Kaka kada ta ƙara, kika buɗe jakarki kika zaro takarda ɗaya cikin siraran nan, kika miƙo mini ba tare da kin kai ta hancinki ba, fuskarki kuma a shafe kamar bango. Ko a nan, da ina da rabo, sai in ce ban ji komai ba. Amma baki ya riga ya saba. Na shinshina na ce akwai wardi, da ɗan miski daga nesa. Kika ce sabuwa ce, da safen nan kika ciro ta daga kwali, ko ruwa ba ta taɓa ba. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Na nemi ƙasa ta tsage in shige, ita ma ta ƙi ni.

Abin da kika faɗa a bakin matakala shi ne ya hana ni sakat. Kika ce, “Ba hancinka ne ya dame ni ba. Wata bakwai ina nuna maka abin da na fi so a duniya, ashe ni kaɗai ce a ɗakin.” Na juya maganar nan ta kowane gefe ko zan sami inda zan kare kaina, ban samu ba. Kin yi gaskiya, na cuce ki. Kin taɓa buɗe mini kwalbar da kika haɗa bayan rasuwar mahaifiyarki, wadda ba kya sayarwa, kina kallona da ƙwalla a ido, ni kuwa ina nan ina leƙen girarki don in san abin da zan ce. Wannan ko ni ban yafe wa kaina ba.

Amma ya hasken idona, ki bar ni in gyara abu ɗaya. Ina ɗakin. Hancina ne ba ya nan, ni kam ina nan, har na yi yawa. Na san kina cizon leɓe in awo ya kusa cika. Na san kina yi wa kwalabe magana in kin ɗauka hankalina na kan littafi, kina ce wa ta miski sarauniyar taurin kai. Na san in turare ya fito yadda kike so ba kya murmushi, atishawa kike yi. Wa ya san wannan in ba wanda ya zuba miki ido wata bakwai ba? Wasu ƙamshi ne yake jawo su wurinki, kamar ƙuda da mangwaro. Ni sau ɗaya tak na taɓa zama kusa da ke da hanci mai aiki, ranar ruwan nan, ban kuma kula ba, ina fama da abin da kika ce wa shayina. Da na san shi ke nan rabona, da na ja numfashi na adana. Duk sauran son da ya biyo baya, wanda ya cika ni ya tumbatsa kamar kogi a tsakiyar damina, ba ta hanci ya shiga ba.

Ga abin da na yi cikin kwana taran nan, kada ki ce zama na yi ina kuka, ko da yake shi ma na taɓa. Na je wurin likita, ya leƙa hancina da 'yar fitila, ya ce komai na nan inda Allah Ya ajiye shi. Zai iya dawowa gobe, zai iya dawowa baɗi, zai iya ƙin dawowa. Ya ce in riƙa shinshina abu huɗu safe da yamma ko hancin zai tuna aikinsa, don haka yanzu da lemu da kanumfari da wardi da na'ana'a nake fara gaisawa kafin in gaida mutane. Na zubar da shayin kafur, kabad ɗin ma na fitar da shi rana. Na rubuta da manyan baƙaƙe na manna a ƙofar shago cewa mai shagon nan ba ya jin ƙamshi, duk wanda ya ji wani abu ba daidai ba ya faɗa don Allah. Mutum uku sun daina zuwa, sauran kuwa kowa ya zama malami, har mai kawo madara yana ba ni shawara a kan kirfa. Na kuma je na durƙusa a gaban Kaka na faɗa mata komai. Ta yi dariya har sai da aka kawo mata ruwa, sannan ta ce ita ta yafe kurɓarta, amma sauran ba a hannunta yake ba, in je in nema inda na zubar.

Yanzu ga dalilin da ya sa na ɗauki alƙalami yau ba jiya ba. Da hantsin nan na ɗora madara a wuta, hankalina ya tafi wajen takunki, ta tafasa ta zube ta ƙone. Sai na ji. Na ji ƙauri! Ƙauri, Malamata, mummuna, mai shaƙe wuya, mafi daɗin abin da ya taɓa shiga hancin ɗan Adam! Ban kashe wuta ba, ban ajiye cokali ba, ban ko waiwayi gwangwanaye arba'in da ke jere a bayana ba, waɗanda na daɗe ina marmarinsu. Matakala na nufa da gudu, takalmi ƙafa ɗaya. Ashe hawa goma sha huɗu ne, ban taɓa ƙirgawa ba. A na biyar ina jin ƙurar katako. A na tara ya fara dushewa. Da na kai ƙofarki na manna hancina a kafar makulli, ni da furfurata, ina zuƙa kamar wanda aka tsamo daga rijiya, ya riga ya tafi. Ina jin ki a ciki kina wanke kwalabe. Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa in ce miki na warke, don na san da kin buɗe. Sai na sauke hannun. Na sauko na kashe wuta, na kankare tukunya.

Ban warke ba, kuma ba zan ce miki zan warke ba. Alkawarin da zan iya ɗauka ƙarami ne: duk takardar da kika miƙo mini daga yau, in ban ji ba zan ce ban ji ba, ko sau dubu ne, ke kuma ki faɗa mini da bakinki abin da ke jikinta, in saurara yadda makaho ke sauraron labarin farin wata. In ma kin ga ba za ki iya zama da mai shayin da ba shi da hanci ba, ba zan ga laifinki ba, zan dai rame ne kawai, unguwa ta san dalili. Amma ina roƙonki abu ɗaya, ya sanyin idona, ya ruwan farko bayan fari: ki zare sakatar nan. Ba sai kin yi mini magana ba, ba sai kin kalle ni ba. Likita ya ce in zai dawo haka yake farawa, ya leƙo ya koma, minti ɗaya, rabin minti. Na yau na ƙarar da shi a kan ƙonanniyar madara da ƙurar katako. In ya sake leƙowa, ina so ya same ni kusa da ke.

Naki ni kaɗai, da hanci ko babu, har ranar da za a daina dafa ruwa a duniya,

Mai shayin ƙasan bene.